Kada a Rufe Zakanyar Kawu

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawu ya tafi, ni kuwa na rantse ba zan bari labarinsa ya tsaya a "ai wani dattijo ne ɗan Kano mai lodin kayan gyaran mota a Huangpu" ba. Haka na ji wani baƙo yana faɗa a bakin matakala ranar sadakar uku, kuma wallahi saura ƙiris in dire farantin da ke hannuna in tanka masa. Kunyar zaman makoki ce kawai ta riƙe ni. To, tunda ban faɗa da baki ba, bari in faɗa a rubuce.

Ni 'yar ƙanwarsa ce. A hannunsa na tashi tun rasuwar mahaifiyata, kuma shi ya kawo ni Guangzhou ta ƙasar Caina sa'ad da na fara saro leshi da atamfa a kasuwannin Liwan ina aikawa gida. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kirana da komai ba sai Uwata. Gidan haya ɗaya muke a Dengfeng: shi, da matarsa da muke kira Inna, da babban ɗansu da nake kira Yaya, sai ni. Ga shi har an fara zancen shigowar shekara ta dubu biyu, amma mu baƙaƙen fata har yanzu ba mu da yawa a unguwar nan, kowa ya san kowa. Ranar da aka kai shi maƙabartar Musulmi ta cikin gari, babu namu ko ɗaya da ya buɗe shago.

Gidan ya cika har matakala. Mutanen Nijar suka zo, 'yan canji suka zo, mai gidan abincin ƙasanmu ya aiko da tukunyar shinkafa bai ce a biya ba. Akwai wani dattijo mutumin Kumasi da suke haɗa kaya a kwantena da Kawu, muna ce masa Baban Zango. Shi ya zauna a bakin ƙofa yana share hawaye da hularsa, yana ta maimaita magana ɗaya ga duk wanda ya shigo: "Mutumin nan bai iya tafiya a hankali ba. Ko mutuwar ma da gudu ya yi." Wasu suka yi dariya, sannan suka ji kunya, sannan dariyar ta koma kuka.

Ana cikin haka sai ga Lauban. Da yaren mutanen garin nan lauban shi ne maigida, kuma haka muke kiran wani ɗan Caina mai gareji a unguwar Huangpu da ke gefen gari, gajere, baƙin mai har ƙarƙashin farcensa. Ya hawo yana haki, rungume da wata mota ta takarda mai girman akwati. Fara ce, da koren layi a gefe, ga hoton zaki an zana a gabanta. Duk wanda ya san motar Kawu ya gane ta nan take. Yaya, da yake yana ɗan jin yarensu, ya tambaye shi ta mece ce. Lauban ya ce a al'adarsu ƙonawa ake yi, hayaƙin ya kai wa mamaci, don kada ya rasa abin hawa a can.

Kai, jama'a! Ɗakin ya ɗauki "Subhanallahi" gaba ɗaya. Baban Zango ya miƙe yana kaɗa hannuwa biyu: "Meyo! Meyo wuta!" Meyo dai a wurin 'yan Caina shi ne babu. Lauban ya tsaya da motarsa a hannu, fuskarsa ta faɗi, bai san laifin da ya yi ba. Sai muryar Inna ta fito daga bayan labule.

"Ke, karɓo mini."

Na karɓo na kai mata. Ta juya ta, ta duba har ƙarƙashinta, sannan ta ce wa Yaya, "Ka ce masa mun gode. Ka ce masa inda Alhaji ya tafi ba a neman mota, in Allah ya yarda. Amma mu da aka bari muna so, ba za a ƙona ba." Da Yaya ya fassara masa, Lauban ya sunkuya wajen labulen har sau biyu yana cewa shishe, shishe, wato na gode, sannan ya zauna a matakala ya rufe fuska. Baƙin da ba su san komai ba suka riƙa kallon juna. Don su nake wannan rubutun.

Kawu makaniki ne tun yana saurayi a Ƙofar Ruwa, kuma duk rayuwarsa irin mota ɗaya ya yarda da ita, wato mai zakin nan da ta cika tashoshinmu. Da ya zo Guangzhou sai ya tarar a nan ma akwai irinta, amma an daina yayinta, kowa ya koma neman sababbi. Wata rana a bayan wani sito a Huangpu ya ga guda ɗaya an yar, tayoyi a sace, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Baban Zango yana wurin, kuma ya rantse mana cewa Kawu sallama ya yi mata. Ya saye ta, ya tayar da ita da hannunsa, ya raɗa mata suna Zakanya.

Daga nan tseren ya shigo gidanmu. Akwai wasu 'yan garin masu son mota, har da masu zuwa daga Hong Kong, da suke haɗuwa a watannin sanyi. Ana ba su izini su rufe wata sabuwar hanya da ta tashi daga bayan masana'antun Huangpu ta hau tudu ta cikin gonakin itatuwa, ran Lahadi da safe. Ba a sakin motoci a tare, ɗaya bayan ɗaya ake saki ana duba agogo, wanda ya fi saurin kaiwa sama shi ya ci. Kowace mota mutum biyu: direba, da na gefensa mai faɗa masa kwanar da ke tafe. Ba wani abin duniya ake samu ba, ɗan kofi ne kawai da tafi.

Kowa a gidan da aikinsa. Kawu ne direba, Yaya ne mai faɗin kwana, ni ce mai wankin taya da ɗaukar kular abinci da ihu a bakin hanya. Inna kuwa aikinta faɗa. "Dattijo da furfurarka, ka kifa hular kwano kamar ɗan sama jannati! In ka karya wuya me zan ce wa danginka?" Tana faɗan tana cika kula da dambun shinkafa, tana ƙara wa Lauban nasa daban don ba ya iya cin yaji.

Ina ma kun ga Kawu a gaban inji. Sai ya ɗora bakin sukundireba a jikinsa, ya kafa kunne a ƙotar, ya ɗaga mana hannu: "Ku yi shiru, tana magana." In ka buga ƙofarta da ƙarfi sai ya juyo ya ce, "Me ta yi maka?" In an dawo daga hanya sai ya shafa bonat ya ce mata sannu da aiki, alhali mu da muka wuni a rana ba ya ce mana. Na taɓa yi masa ƙorafi, ya ce, "Uwata, ke ai kina da bakin da za ki yabi kanki."

Amma akwai abu ɗaya da ke cin sa, ko da yake ba ya faɗa. Kawu bai taɓa kaiwa ƙarshen tseren nan ba. Ba zancen ci nake ba, ko layin ƙarshe bai taɓa takawa ba. Shekarar farko lagireto ya fashe a tsakiyar tudu. Shekara ta biyu kuwa Zakanya na tafiya kamar ba gobe, sai suka sha wata kwana suka ga motar da aka saki kafinsu kwance a rami tana hayaƙi. Yaya ya ce, "Baba, masu ceto na tafe, mu wuce!" Kawu ya take birki. Ya sauka ramin da kansa, ya fasa gilas, ya jawo direban da abokinsa. Direban nan shi ne Lauban. Yaya ya yi kwanaki yana kumbura fuska, har Kawu ya gaji ya ce masa, "Kofin nan fa na gwangwani ne. Shi kuwa mutumin can yana da 'ya'ya." Tun daga ranar Lauban ya ware wa Zakanya wuri a rumfar garejinsa.

To, a rumfar nan Kawu ya tafka kuskuren da sai mutumin Kano zai yi shi. Mu a gida abin da ke kashe mota rana ce da ƙura, don haka motar da kake so lulluɓe ta kake yi. Da aka rufe tseren shekarar, Kawu ya sayo tamfol mai kauri irin na rufe kayan tirela. Ya wanke Zakanya tas, ya ɗage gilasai har sama, ya ja birkin hannu, ya naɗe ta, ya ɗaure da igiya, ya danne gefe da duwatsu yadda ko sauro ba zai shiga ba. Lauban ya yi ta tsalle yana magana da hannu da baki. Yaya ya fassara, ya ce wai kada a rufe. Kawu ya yi dariya: "Ni za a koya wa ajiyar mota? Ka ce masa tun yana rarrafe nake kwance inji."

A gida ma bai tsira ba. Inna ta ciro masa takalmansa na sallar Idi daga ƙarƙashin gado, sun yi kore shar da fumfuna, ta dire masa a gaba.

"Alhaji, kalli nan. Garin da takalmi ke tsiro, shi za ka ɗaure mota a cikin leda?"

"Hajiya, takalmi daban, mota daban."

"Zannuwana da na kulle a akwati bara, ba ka ga abin da suka zama ba?"

"To ai Zakanya ba zane ba ce. Ki bar wa masu abu abinsu."

Tabɗi! Wannan "masu abu" ɗin ya ƙona Inna. Ta kwashe takalman ta shige ɗaki, kuma mako guda tuwonsa ba man shanu. Shi ma da taurin kai ya ƙi ko leƙa motar, don kada a ce ya ji maganar mace da ta ɗan Caina.

Wanda bai zauna a Guangzhou ba ba zai gane ba. Bayan sanyi akwai wani lokaci da iska ke juyowa daga teku, sai bangon ɗaki ya riƙa zufa. Madubi ya yi ta zubar da ruwa, daɓen ƙasa ya jiƙe ba wanda ya zuba komai, wanki ya kwana uku a igiya yana wari. A cikin wannan Zakanya ta yi watanni a ɗaure. Ranar da aka kwance igiyar duk muna wurin. Warin ne ya fara dukanmu. Kujeru sun yi kore, sitiyari ya yi gashi, tsatsa ta ci ƙarƙashinta, birki ya manne ko turawa ba ta yi, wayoyi sun yi fari. A cikin but ɗinta har naman kaza ya tsiro, na gani da idona. Kawu ya nemi wata tsohuwar taya ya zauna a kai, ya cire hula ya riƙe. Ban taɓa ganinsa haka ba, kuma wallahi tausayinsa ya sa na juya baya ina kuka. Lauban, Allah ya shirye shi, shayi kawai ya zuba masa.

Muka dawo gida muna jiran Inna ta yi mana bikin "ai na faɗa". Sai ta jira aka gama cin abinci, ta ce kowa ya zauna. Ashe a makon nan ta raka Kawu wurin likitan ido, su biyu suka ɓoye mana. Hawan jinin ido ne. Gabansa yana gani, amma gefe da gefe yana rufewa a hankali, kamar mai leƙe ta cikin bututu, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Likita ya ce daga baɗi ba shi ba sitiyari.

"Tseren da ke tafe shi ne na ƙarshe," in ji Inna. "Mutumin nan bai taɓa taka layin nan ba, kuma na san in bai taka ba da shi zai kwanta a kabari. Ni ba zan zauna da tsoho mai tsaki ba. Daga gobe kowa in ya taso kasuwa, Huangpu ya nufa."

Kawu ya ce, "Hajiya, ke ce da gaskiya a kan tamfol ɗin nan."

"Ɗaga murya, Uwarka ba ta ji ba."

Ya ɗaga kuwa. Rabona da irin dariyar da na yi ran nan har na manta, ina yi hawaye na zuba.

Aiki muka sha, ba na wasa ba. Ni aka ba samfefa, na kankare tsatsa har lallen hannuna ya bi ta. Yaya da Kawu suka sauke birki da wayoyi gaba ɗaya. Lauban ya zaga shagunan garin nan yana neman kayan da babu mai ajiye su kuma, ko'ina meyo, meyo, har ya samo a wurin masu fasa tsofaffin motoci. Baban Zango ya buɗe kayan da ya riga ya ɗaure za a kai Ghana, ya ciro fulogi da fanbel ya ce ladan na uwarsa ne. Inna ta ɓare kujerun ta wanke, ta ɗinka musu sabuwar riga da ragowar atamfata, shuɗiya mai zanen tsuntsaye. Duk tseren nan babu mota mai kujerar atamfa sai tamu.

Da inji ya tashi, Lauban ya kafa mana doka, kuma wannan karon Kawu ya saurara kamar ɗalibi. A garin nan ba a rufe mota. A bar gilas a ɗan buɗe, kada a ja birkin hannu, a sa dutse a bayan taya. Babba kuma, a fitar da ita kowane mako ta yi tafiya ta yi zafi, ko ana ruwa ko ba a yi. Ga shi damina ta kankama, ruwan garin nan kuwa in ya fara ba ya jin kira.

Haka fitar Juma'a ta samo asali. In an sauko daga masallaci, sai Kawu ya ɗauki Zakanya ya hau hanyar tudun nan a hankali, waifa na ta aiki. Inna ta ce ba za ta bar mai rabin ido shi kaɗai ba, ta shige gaba. Tun tana cewa "yi a hankali" kawai, har ta fara cewa "akwai kwana hagu bayan karkataccen itacen can". Kafin damina ta raba, ta raɗa wa kowace kwana suna daga kicin ɗinta. Ga Ludayi, ga Wuyan Tulu, ga Bakin Murhu inda ruwa ke taruwa, ga Muciya inda hanya ta miƙe. Yaya da lambobi yake faɗin kwana, da Turanci, sai Kawu ya tsaya fassarawa a kansa kafin ya juya hannu. Amma in Inna ta ce Ludayi, kafin ta rufe baki ya karya sitiyari. Shekara nawa yana jin muryar nan tana ba shi umarni!

Ranar tsere muka tashi da hadari. Ba lokacinsa ba ne, wutsiyar wata guguwar teku ce ta biyo ta kanmu. Muna isa aka tsuge. Yaya na shirin sa hular kwano sai ga hannun Inna a kai.

"Ba ni nan."

"Inna, wasa kike? Wannan fa ba fitar Juma'a ba ce."

"Na ce ba ni. In kai ne a gefensa zai iya yin ganganci, ku faɗa rami ku ce ƙaddara. In ni ce, ba zai fara ba."

Yaya ya kalli Kawu. Kawu ya kalli sama kamar yana ƙirga ɗigon ruwa. Ashe sun gama ƙulla abinsu, har Lauban ya riga ya shigar da sunanta wurin masu shirya tseren. Yaya ya ɗaura mata hular da hannunsa a kan hijabinta, ya ja maɗaurin, ya ce, "Ki riƙe mini shi da kyau." Na san abin ya yi masa zafi, kuma ban taɓa ganin girmansa kamar ran nan ba.

Aka ɗauke mu zuwa saman tudu inda layin ƙarshe yake. Muna tsaye ƙarƙashin laima ni da Yaya da Baban Zango, labari na ta iso mana. Masu sababbin motocin nan a bushe kawai suka saba gudu, in damina ta zo killace abinsu suke yi a gareji mai kyau. Wannan ya zame ya juya baya, wancan ya shiga ruwan Bakin Murhu inji ya mutu, wasu suka ce sun fasa. Alhamdu lillahi babu wanda ya ji ciwo. Waɗanda suka iso, a tsorace suka iso. Ni kuwa duk addu'ar da na iya na karanta, har da ta shiga kasuwa.

Yaya ne ya fara ji. Ya damƙi hannuna ya ce, "Ita ce!" Can ƙasa muka ji kukan Zakanya yana hawowa, ba tangarɗa, ba shakka. Ta ɓullo daga kwanar ƙarshe ruwa na tashi gefe da gefe. Gilas ɗin a ɗan buɗe yake bisa dokar Lauban, don haka duk wanda ke wurin ya ji abin da na ji. Muryar Inna ce, Innar da ta shekara tana cewa a yi a hankali:

"Muciya, Alhaji! Taka! Taka mata, na ce!"

Suka tsallake layin. Wayyo Allah, daɗi! Na yar da laima na rangaɗa guɗar da sai da 'yan Caina suka zabura, wani ya saki agogonsa. Baban Zango ya taka rawa ya zame ya zauna daɓas a caɓi, bai fasa tafi ba. Lauban na ta dukan bonat yana ihu da yarensu, kuma ran nan kaɗai Kawu bai ce "me ta yi maka" ba. Yana zaune riƙe da sitiyari, kafaɗunsa na rawa. Da ya fito, bai kula kowa ba sai da ya nemi alƙibla ya kai goshinsa kan jiƙaƙƙiyar kwalta.

Mu ƙarewa kawai muka roƙa, Allah ya ƙara mana. Da aka haɗa lokuta, Zakanya ce ta ɗaya a rukunin tsofaffin motoci, kuma ta bar sababbi da dama a baya. Aka miƙo wa Kawu kofin, ya ƙi karɓa, ya nuna Inna. Ya ce wa Yaya, "Faɗa musu ni ban ga hanya ba. Ita ta gani." Inna ta karɓa da hular kwano a kanta, hijabi sharkaf, ta ɗaga shi sama kamar ta saba. Daga baya ta gaya mini cewa a Wuyan Tulu ya ce mata, "Hajiya, ruwa ya rufe, ban ga komai ba." Ta ce masa, "Ni na gani, bi muryata." Kofin yana nan a kan talabijin, goro take zubawa a ciki.

A wurin, kafin kayansa su bushe, ya ciro makulli ya miƙa wa Yaya, kuma bai sake zama a bayan sitiyari ba. Fitar Juma'a dai ba a fasa ba, sai dai ya koma kujerar baya yana mita: an cika taka kuloci, an makara sa giya. Tsakanin nan ya yi ƙiba, ya yi fara'a, duk baƙon da ya zo daga Kano sai ya sha labarin Muciya ko yana so ko ba ya so. Da bango ya fara zufa a bana sai ciwon ƙirji ya kama shi. Kwanakinsa a asibiti ba su da yawa. Ya nemi gafarar Inna, ta ce ita ma ya yafe mata man shanun nan, suka yi dariya. Da safe ya cika, da kalmar shahada a bakinsa.

Saura abu ɗaya in faɗa. Juma'ar da ta biyo bayan sadakar bakwai, Inna na zaune a ɗakin takaba, motar takardar nan a kusa da ita. La'asar ta yi, ta aika in kira mata Yaya.

"Yau ba Juma'a ba ce? Ban ji ka ɗauki makulli ba."

Yaya ya sunkuyar da kai. Ya ce ba ya iya kallon motar, in ya gan ta Baba yake gani. Ya ce kuma mutane za su yi magana, a ce ana makoki ana yawo da motar tsere. Don haka ya je ya lulluɓe ta, sai an kwana biyu.

"Da me ka lulluɓe ta?"

Ya kau da kai.

"Da tamfol ɗin nan?"

Ya gyaɗa kai. Inna ta shafa bangon da ke bayanta, ta nuna masa tafin hannunta a jiƙe.

"Ubanka mun rufe shi don Allah ne ya ce a rufe. Ita wa ya ce ka rufe? Tashi. Ke ma tashi. Ni ba ni da ikon fita, amma kunnena ba ya takaba. Ku kawo mini ita ƙarƙashin tagar nan."

Muka kama hanyar Huangpu. Muka tarar da Lauban tsaye a gaban rumfar da wuƙa a hannu, ashe tun safe yake zagaya igiyar yana jin nauyin yankewa ba izini. Yaya ya karɓi wuƙar ya yanke da kansa. Raɓa har ta fara kwanciya a kan gilas. Ya shafa bonat, ya ce mata, "Yi haƙuri." Murɗawa ɗaya ta tashi. Tamfol ɗin kuwa a ranar muka ba Baban Zango, muka ce ya rufe kaya da shi ya bi jirgi, kada ya sake kwana a ƙasar nan.

Muka shigo da ita lungun Dengfeng da ƙyar, masu shaguna na leƙowa. Yaya ya tsaya daidai ƙarƙashin tagarmu ya ba ta wuta. Labule ya motsa. Inna ba ta leƙo ba, motar takardar kawai ta ɗora a bakin taga. Ni har na fara tsoron ko kuka take. Can sai ga muryarta, ras, irin ta saman tudu:

"Fulogi ɗaya na tsallake! Da Alhaji ne tun daga bakin titi zai ji. Ku gyara kafin Juma'a. Kuma ka gaya wa Lauban, kafin sanyi ya shigo na fita takaba. Kujerar dama tawa ce."

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya haskaka kabarinsa, ya mayar masa da ganinsa cikakke a inda babu ciwo. Allah ya ba Inna haƙuri da tsawon rai. Wanda ya karanta wannan, don Allah ya yi masa addu'a. Mu kuma Juma'a mai zuwa, ko ana ruwa ko ba a yi, za mu fito da ita.